Filin Dabbobin Gida: Ɗumin Akwatin Mesa

A cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai wata daga ƙasar Ingila, wadda sai da muka karanta sau biyu kafin mu ajiye. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto, mutuniyar ƙasarmu, tana aikin jinya a wani gari na arewacin ƙasar can. Ta ce wani maƙwabcinsu ne zai ƙaura, gidan da zai koma kuwa ba a yarda da ajiye dabba ba, sai ya bar wa ɗanta mai shekara 12 wata 'yar mesa tare da akwatinta na gilashi. Da fari ta ƙi ƙememe. Yaron ya yi ta roƙo, ubansa ya sa baki, har ta haƙura. Wata uku abin yana tafiya lafiya. Da sanyin Janairu ya kankama, mesar ta haɗiyi ɓera kamar yadda ta saba, bayan kwana biyu sai ta amayar da shi, tun daga ran nan kuwa ba ta ƙara karɓar abinci ba. Yanzu yaron ba ya barci sosai, kullum yana leƙen akwati. Uwar ta ce ita har yanzu ba ta taɓa abin da hannunta ba, amma ba ta so ya mutu a gidanta, ba ta kuma so ɗanta ya ɗauka shi ne ya kashe shi.

Mun sani waɗansu masu karatu za su riƙe baki su ce, maciji a cikin ɗaki? Ba mu ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa kusan kowane gida yana da labarin wanda aka sara a gona. Amma an yi mana tambaya, akwai kuma rai a cikin akwatin nan, saboda haka za mu amsa iyakar saninmu.

Wannan ba babbar mesar nan ba ce da ke haɗiye akuya. Ƙanwarta ce. Turawan Ingila suna ce mata mesar sarauta, Amurkawa kuwa mesar ƙwallo, domin in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Masana suna kiranta Python regius. Tsawonta ya kan kai mita ɗaya ko mita ɗaya da rabi, ba ta da dafi, abincinta ɓeraye da ƙananan tsuntsaye. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, 'yar ƙasarmu ce. Ana samunta tun daga Senegal har Uganda, da Nijeriya da Kamaru a ciki, kuma shekara da shekaru ana fitar da dubbai daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Watau ita da 'yar'uwar da ta rubuto mana duk baƙi ne a ƙasar sanyi. Bambancinsu ɗaya: mutum ya kan sayi rigar sanyi.

Kafin mu wuce, iyaye ku ja kunnen yara. Kada wani yaro ya karanta wannan ya tafi daji neman mesa. Kasa ma gajera ce mai kauri da zane a baya, ita kuwa sara ɗaya ya isa. Kububuwa ta kan naɗe jikinta in an matsa mata, kuma ita ce ke cika gadajen asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe. Macijin da kuka gani a gona, ku ba shi hanya.

To, me ya sa mesar yaron ta yi amai? A ganinmu, kafin a zargi ɓeran ko a ce cuta ce, sai a fara duba ɗumi.

Ku lura da kadangare da sassafe a lokacin hunturu. Za ku gan shi manne a jikin katanga ta wajen gabas, ya yi lamo, har yaro ya iya kama shi da hannu. In rana ta ɗaga ya sha ɗumi, sai ya zama ba mai iya cim masa. Da tsakar rana kuma ya koma inuwa. Mu da awaki da kaji muna da wuta a cikin jikinmu, abincin da mu ke ci shi ne itacenta, shi ya sa jikin mutum ya ke tsayawa a wajen digiri 37 ko da sanyi ko da zafi. Kadangare da maciji ba su da wannan wuta. Zafin jikinsu aro ne daga wurin da su ke kwance. Da wannan aron ne cikinsu ke narkar da abinci, da shi ne jininsu ke yaƙi da cuta. In mesa ta haɗiye ɓera ɗungum, da gashi da ƙashi, sa'an nan wurin ya yi sanyi, aikin ciki sai ya tsaya. Ɓeran kuwa ba ya jira, ya kan fara ruɓewa tun bai narke ba. Sai jiki ya fitar da shi don ya tsira.

A daji ba ta shan wannan wahala, domin ta san inda za ta. Yawancin yini tana cikin ramin ɓera ko na gafiya, ko cikin tsohon suri. A ƙarƙashin ƙasa zafin rana ba ya kai mata sosai, sanyin dare ma haka, akwai kuma ɗan danshi. In tana son ƙarin ɗumi ta matso bakin rami, in ya yi yawa ta nutsa ciki. Wanda ya sa ta a akwati ya raba ta da wannan dabara, don haka wajibi ne ya mayar mata da ita a cikin akwatin.

Ga yadda masu kiwonta su ke yi. Ba a ɗumama akwati duka bai ɗaya. Gefe guda a ke ɗumamawa, a bar ɗaya gefen da sauƙi. A gefen ɗumi, wurin da ta ke kwanciya ya kasance tsakanin digiri 31 da 33. A ɗaya gefen kuwa tsakanin 24 da 27. Da dare ba laifi in ya ɗan sauka, amma kada ya yi ƙasa da 23 ko kusa da haka. Ta sama kuma, kada wani wuri da jikinta zai taɓa ya wuce 35. A kowane gefe a sa mata maɓoya, ɗan ƙaramin abu kamar kaskon da aka kife aka fasa masa ƙofa, wanda in ta shiga jikinta zai taɓa bangonsa. Wannan magana ta maɓoya biyu ba ado ba ce. Mesar nan matsoraciya ce ƙwarai, ta fi son ɓuya da jin daɗi. In maɓoya ɗaya ce tak, kuma tana gefen sanyi, nan za ta kwanta har ta yi ciwo, ga ɗumi kusa da ita ba za ta je ba.

Duk lambobin nan na ma'aunin Salshiyas ne, wanda mu da Ingila mu ke aiki da shi. Yaron zai ga littattafai da hotuna na Amurka inda a ke cewa 90 da 78. Wannan ma'aunin Faranhait ne. A cire 32, a ninka da 5, a raba da 9: 90 ya zama 32, 78 kuma ya zama 25 da ɗoriya. Ya duba na'urarsa da kyau ya ga da wane ma'auni ta ke magana.

Yanzu sai awo, nan ne kuwa mutane da yawa su ke faɗuwa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki hannu bai san kima ba. Fatar tafin hannunmu tana kusa da digiri 33, saboda haka wurin da ya yi wa mesa daidai, in ka dafa shi da kyar za ka ji ɗumi. In ka dafa ka ji zafi mai daɗi irin na bayan tukunyar da aka sauke ɗazu, to, ya riga ya yi mata yawa. Haka kuma ɗan ma'aunin nan mai allura kamar agogo, wanda a ke mannawa a jikin gilashi, ba abin dogara ba ne. Sau da yawa yana kuskure da digiri da dama, kuma iskar sama ya ke aunawa, mesa kuwa a ƙasa ta ke. 'Yar'uwarmu ta ce irinsa ne a akwatinsu, yana nuna 28 duk lokacin da suka duba. Muna tambaya: da wane lokaci su ke dubawa? In da yamma ne, bayan an taso daga makaranta, an kunna abin ɗumama gida, ana dafa abinci, ai 28 ba abin mamaki ba ne. Wa ya duba da ƙarfe huɗu na asuba? A gidajen Ingila a kan kashe abin ɗumama gida in za a kwanta saboda tsadar gas, ɗaki kuwa ya yi ta hucewa har gari ya waye. Muna kyautata zato a nan ɓarnar ta ke.

Abin da ya kamata a saya shi ne ma'auni mai batir da ke nuna lamba, guda biyu, ɗaya a kowane gefe, a sa kan wayarsa a ƙasa inda mesar ke kwanciya. A nemi irin wanda ke riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta da ya gani, don da safe ya faɗa maka abin da ya faru kana barci. Akwai kuma mai kama da 'yar bindiga, wanda a ke nuna wa abu ya faɗi zafin fuskarsa. Kowa ya san irinsa tun 2020, sa'ad da aka yi ta nuna mana shi a goshi a ƙofar banki da asibiti. Sai dai na goshi an gyara shi ne don jikin mutum, sai a nemi na auna kaya. Da shi a ke bin ƙasan akwati taki taki a gano inda ya yi zafi fiye da kima. Sa'an nan a sayi ɗan littafi na rubutu. Yaron ya riƙa rubuta awo safe da dare, da ranar da ya ba ta abinci, da nauyinta sau ɗaya a wata. Ɗan mai aikin jinya ne, ya san takardar da a ke ratayewa a gindin gadon majiyyaci.

Abin da ke ba da zafin iri iri ne. Akwai tabarmar lantarki, 'yar siririya, da a ke sa wa a ƙarƙashin akwati ta waje, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasan. Ita ce a ke yawan sayar wa sabon shiga, mun kuma tabbata ita ce maƙwabcin ya bari. Aibinta shi ne ƙasa kaɗai ta ke ɗumamawa, ba ta taɓa iskar akwati. A ɗaki mai sanyi sai ka tarar cikin mesa yana kan 32, bayanta da iskar da ta ke shaƙa suna kan 17. Daga nan ciwon huhu ke kamawa. Abin da ya fi shi ne zafi daga sama, kamar yadda rana ke yi: da rana ƙwan lantarki mai zafi, da dare kuma ƙwan tangaran wanda ke ba da zafi ba haske, ko faifan ɗumi da a ke ɗaurawa a rufin akwati. Kada a bar mata fitila a kunne dare da rana, ko da ja ce. Dabbar dare ce, tana bukatar duhu kamar awa 12. Ƙwan tangaran yana zafi ƙwarai, sai a sa shi a mariƙi na tangaran, ba na roba ba, a kuma kewaye shi da kejin waya, gama mesa ta kan hau ta naɗe duk abin da ta samu. Akwai wani dutsen ƙarya mai waya a ciki da a ke sayarwa a kantunan dabbobi. Wannan kam ko kyauta aka ba ku kada ku sa. Maciji ba ya saurin janye jiki daga abin da ke ƙona shi a hankali, sai ya kwanta a kai har fatar cikinsa ta yi ja ta tashi.

Amma duk wanda aka zaɓa a cikinsu, ba a haɗa shi da soket kai tsaye. Sai ya bi ta na'urar da a ke kira tamostat. Uwargida ta san aikinta ko da ba ta san sunanta ba. In kina guga da dutsen lantarki, kin kan ji ya yi ƙas, 'yar fitilar ta mutu, jim kaɗan ya sake yin ƙas ta kama. Tamostat ce a ciki, tana yanke wuta in zafi ya kai inda aka sa, tana mayarwa in ya sauka. Ba don ita ba da rigar maigida ta ƙone. Tabarmar lantarki da ba ta da wannan mai tsaro tana iya wuce digiri 45, ta ƙona dabba, ta fasa gilashi, wani lokaci har ta jawo gobara. Iri mai araha kunnawa da kashewa kawai ya ke yi, zafi ya riƙa hawa da sauka da digiri biyu ko uku. Wannan ya isa ga tabarma. Ga ƙwai mai haske kuwa sai a nemi irin da ke rage ƙarfin wuta a hankali yana ƙarawa a hankali, kamar mai girkin da ke janye itace ɗaya maimakon ta kashe murhu. Ya fi tsada, amma zafi ya kan tsaya cak, ƙwan ma ya fi daɗewa. Kowane abin ɗumi da tasa tamostat.

A nan za mu ɗan daɗe, domin tamostat makauniya ce. Abin da ta sani duka shi ne abin da wani ɗan kai da ke ƙarshen wayarta ya gaya mata. Ɗan kan nan bai fi guntun fensir ba, amma ran mesar a hannunsa ya ke. Ku yi tunani: an ajiye shi a gefen ɗumi ba a ɗaure ba. Da dare mesa ta fito yawo, ta ja shi da jikinta zuwa gefen sanyi, ko ta jefa shi a kwanon ruwa. Yanzu yana gaya wa tamostat cewa ana sanyi, ita kuwa sai ta saki wuta gaba ɗaya har safe, tana jiran labarin da ba zai zo ba. Na'urar ba ta lalace ba, aikinta ta ke yi, ga dabba tana gasuwa. Saboda haka a kafe shi yadda ba zai motsa ba. In tabarma ce, a sa shi ta waje, tsakanin tabarmar da gindin akwati, sa'an nan a auna ta ciki da 'yar bindigar nan a riƙa juya tamostat har ƙasan maɓoya ya kai yadda a ke so. A tuna a ture shimfiɗa a auna gilashin kansa, don mesa ta kan tona ta kwanta a kai. In zafin daga sama ya ke, a ɗaure ɗan kan a bangon gefen ɗumi, ɗan sama da shimfiɗa, inda ba za ta kwanta a kansa ba. Kada a yi amfani da salatif ko wani abu mai danƙo a cikin akwati. In ya ɓalle ya manne a jikinta, cire shi ya kan tafi da fata. A huda rami a ɗaure da igiyar roba, ko a bi da wayar ta bayan wani abu mai nauyi. Kuma lambar da ke fuskar tamostat ba shaida ba ce. Shaida ita ce ma'aunin nan dabam da aka ajiye a ciki.

Mu kanmu mun sha wannan darasi, ko da ya ke ba da maciji ba. Wata shekara a kan dutsen Jos muka sayi 'yan tsaki ɗari a farkon Disamba, muka rataya musu ƙwan lantarki, muka dafa ƙasa da hannu muka ce ya yi. Da yamma suna ta wasa. Cikin dare iskar hunturu ta shigo ta wata kafa a ƙarƙashin ƙofa da ba mu kula da ita ba, suka taru a kusurwa ɗaya suna hawan juna. Da safe muka kwashe matattu cike da kwano. Ƙwan yana nan a kunne. Masu kiwon kaji sun san karatun 'yan tsaki: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila sanyi ne, in sun gudu bango suna haki zafi ne. Mesa ma tana da nata karatun, sai dai a hankali ta ke yinsa. In kullum tana manne a gefen ɗumi ba ta barinsa, akwatin ya yi sanyi. In kullum tana gefen sanyi, ko ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita, ko tana ta bin bango da rana tana neman hanya, a duba ko zafi ya yi yawa.

Kafar ƙarƙashin ƙofar nan ita ce ta kawo mu ga akwatin kansa. Samar da zafi abu ne mai sauƙi, riƙe shi ne aiki. Akwatin gilashi mai murfin raga, irin na kifi, kamar kwando ne a wajen ɗiban ruwa: zafi na tashi sama ya fice, danshi ya bi shi. Masu kiwo a ƙasashen sanyi sun fi son akwatin katako ko na roba mai kauri, mai ƙofar gilashi ta gaba kaɗai. Babbar mesa tana son mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. In ba halin saye yanzu, a gyara na hannu. A manna farin soso irin wanda ke zuwa cikin kwalin rediyo a baya da gefe biyu, ta waje. A rufe yawancin ragar sama da takardar alminiyam ko faranti, a bar wurin ƙwai da kuma wurin shan iska. Kada a jefa bargo ko tawul kusa da ƙwai mai zafi. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a raba shi da taga da ƙofar waje, a kuma raba shi da bututun ɗumama ɗaki, wanda ke zafi da yamma ya huce da dare. Rana ma kada ta faɗo a kansa ta taga. Ko a Ingila, ranar Yuli in ta bugi gilashi sai ciki ya zama kamar motar da aka rufe a filin kasuwa.

Zafi daga sama yana busar da iska, mesar nan kuwa tana son danshi kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, fiye da haka ma in za ta yi saɓa. In ya yi ƙaranci saɓar ta kan fita guntu guntu, wani ya maƙale a ido ko a wutsiya. Shimfiɗa mai kauri ta ɓawon kwakwa tana riƙe ruwa. A zuba ruwan a kusurwa ya jiƙa ƙasa, sama ta zauna a bushe.

In aka ɗauke wuta fa? A can ba a cika yi ba, amma ya kan faru. A Fabrairun 2021 guguwar sanyi ta bar miliyoyin mutane a jihar Texas ta Amurka ba lantarki kwana da kwanaki. Awa biyu ko uku ba abin tsoro ba ne, a rufe akwati da bargo tun da abin ɗumi ya mutu, a kuma tuna a cire in wuta ta dawo. In abin ya yi tsawo, a sa mesar a jakar matashin kai ta auduga a ɗaure baki, a sa ta a ƙaramin akwati mai 'yan ramukan iska, a ajiye gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a gefe, ba a jikinta ba. In ruwan ɗumi ma ya gagara, mutum ya sa jakar a cikin rigarsa. Mun san 'yar'uwarmu za ta ce wannan aikin yaron ne, mun kuwa yarda. Kada a shigo da kaskon gawayi ko janareta cikin ɗaki, hayaƙinsu da ba a gani yana kashe mutum da dabba. Kada kuma a ba ta abinci sai wuta ta dawo ɗumi ya daidaita.

Waɗanda ke ajiye irin wannan dabba a nan gida, a makaranta ko a gidan ajiye namun daji, damuwarsu ta juya. A Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu ya kan wuce digiri 40 a inuwa, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Zafi ya fi sanyi saurin kisa: sanyi ya kan ɗauki kwanaki, zafi kuwa yini ɗaya ya ishe shi. Sai a nemi ɗaki mafi sanyi, na ƙasa in akwai, a sauke akwati ƙasa, a kashe duk abin ɗumi, a ba ta babban kwanon ruwa da kaskon yumɓu mai danshi ta shige. A Jos da kewaye kuma, inda daren hunturu ya kan sauka ƙasa da digiri 12, shawarar Ingila ce ke aiki.

Mu koma ga mesar yaron. 'Yar'uwa, ga abin da za ku yi. Ku fara da awo na kwana uku kafin ku taɓa kome, don ku san gaskiyar abin da ke faruwa da dare. Sa'an nan ku gyara ɗumi, ku ba shi kwana biyu ko uku ya zauna. Kada a ba ta abinci sai an yi mako biyu cif daga ranar aman, domin maƙogwaronta da cikinta su warke. In lokaci ya yi a ba ta ɓera ƙarami, wanda bai kai na dā ba, da dare, a kuma bar ta kwana biyu ba a ɗauke ta ba. In ta ƙi, kada hankalin yaron ya tashi. Irin wannan mesa ta kan yi makonni, har watanni, ba ta ci ba a lokacin sanyi, musamman namiji, ba abin da zai same ta muddin nauyinta bai zube ba. Amma in kun ji tana shaƙar iska da ƙara, ko tana buɗe baki, ko yauƙi na fita a baki ko hanci, ko cikinta ya yi ja, ko ta sake amai, ku kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki, ba tare da jinkiri ba. Ku tafi da littafin awon. Duk wanda ya taɓa ta ko kayan akwatinta ya wanke hannu da sabulu, gama masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, kada kuma a wanke kwanonta inda a ke wanke na abinci. Wannan kin fi mu sani.

Akwai abu biyu da maƙwabcin bai gaya muku ba, ko ya faɗa ba a ji ba. Na ɗaya, bisa ga dokar kula da dabbobi ta Ingila ta 2006, dabbar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ke riƙe da ita, alhakinta yana wuyan babban da ke kula da yaron, ba ta wurin zama da ya dace da ita kuwa yana cikin abin da dokar ta ɗora masa. Watau a idon hukuma mesar taki ce da maigidanki. Na biyu, dabba ce mai tsawon rai. Shekara 20 zuwa 30 ba abin mamaki ba ne, a gidan namun daji na Sent Luwis a Amurka ma akwai wadda ta yi ƙwai a 2020 tana da shekara wajen 62. Yaron zai gama makaranta, ya tafi jami'a, wataƙila ya yi aure, tana nan. Ku zauna ku uku ku yi wannan magana tun yanzu. In kun ga ba za ku iya ba, akwai ƙungiyoyin da ke karɓar irin waɗannan dabbobi su nema musu wani gida, ba kuwa abin kunya ba ne. Sakinta a waje ne kaɗai ba za a yi ba, daren sanyi ɗaya zai gama da ita.

Kai kuma ɗanmu, ba kai ka jawo aman ba, akwatin da aka ba ka ne bai cika ba. Ka sa agogo ya tashe ka da ƙarfe huɗu na asuba ran Asabar, ka duba ma'aunin gefe biyu, ka rubuta. In ka cika awon mako biyu, ka ba Mama ta aiko mana mu gani.